Malamai biyu sun amsa min: in bi mai h-index 62 ko mai 19?

"Assalamu alaikum Malam. Na kammala digiri na biyu a kimiyyar ƙwayoyin halitta, kuma malamai biyu a ƙasar waje sun amsa wasiƙata, kowanne ya ce zai karɓe ni in yi digiri na uku a ɗakin gwaje-gwajensa. Na duba su a Google Scholar. Na farko shekararsa 28 yana wallafa bincike, maƙalunsa sun kai 320, h-index ɗinsa 62. Ta biyu mace ce, shekararta 11 da farawa, maƙalunta 34, h-index 19. Ƙawayena duk sun ce ba sai na yi dogon tunani ba, in bi na farko. Amma aikin ta biyun ya fi kwanta min a rai. Don Allah me waɗannan lambobi suke nunawa, kuma yaya ake gane ƙwararren mai bincike daga abin da ya wallafa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya sanya albarka a karatun. Idan na fahimce ki, kina so ki san ko lambobin nan sun isa a ɗora musu shekara huɗu ko biyar na rayuwar mutum. Ba su isa ba. Suna da abin da suke faɗa, kuma ba zan ce ki yi watsi da su ba, sai dai abin da suke faɗa bai kai abin da ƙawayenki suke ɗauka ba.

Asalin lambobin

Duk mai binciken da ya rubuta maƙala, a ƙarshenta yana jera ayyukan da ya dogara da su. Kowace maƙala da ta shiga jerin nan ta sami ambato ɗaya. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya fara tattara waɗannan ambato a kundi guda, Science Citation Index, wanda ya fara fitowa a 1964. Nufinsa shi ne mai bincike ya iya bin sawun wani tunani, ya ga wa da wa suka ɗora a kansa. Daga baya aka fitar da makin tasirin mujalla (impact factor), wato matsakaicin ambaton da maƙalun mujalla suke samu, daga wannan kundi, don taimaka wa ɗakunan karatu su san mujallun da za su riƙa saye. Ba don auna mutum aka yi shi ba.

Shi kuwa ma'aunin h, wato h-index, Jorge Hirsch ne ya kawo shi a 2005, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego. Lissafinsa mai sauƙi ne. Mai 19 tana da maƙalu 19 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 19. Mai 62 yana da maƙalu 62 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 62. Ki lura da abu ɗaya: wannan lamba ba ta raguwa. Ko mutum ya rufe ɗakin gwaje-gwajensa yau, za ta ci gaba da hawa saboda tsofaffin ayyukansa. Shi ya sa Hirsch da kansa, a cikin maƙalar da ya gabatar da ma'aunin, ya ba da shawarar a raba lambar da adadin shekarun da mutum ya yi yana wallafawa. Mu yi haka da malamanki. 62 a raba da 28 ya ba da kimanin 2.2. 19 a raba da 11 ya ba da kimanin 1.7. Tazarar da ta fi ninki uku a ido ta dawo 'yar kaɗan. Dukansu biyu mutane ne da ake karanta aikinsu, sai dai ɗaya ya riga ɗaya fitowa da shekara 17.

Abin da aka fi ambata a fanninmu

A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihin kimiyya, bisa alƙaluman Web of Science, rumbun da ke ƙirga ambato. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokan aikinsa ta 1951, kan yadda ake auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji, da ambato sama da 305,000. Ta biyu ta Ulrich Laemmli ce ta 1970, inda aka samo hanyar raba furotin a cikin jel da kowane ɗalibin fanninmu yake yi da hannunsa, da sama da 213,000. Ta uku ta Marion Bradford ce ta 1976, ita ma kan auna furotin, da sama da 155,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ba ta shiga jerin ba kwata-kwata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hanyar gwaji kamar mudu take a kasuwa: duk wanda ya auna hatsi sai ya faɗi mudun da ya auna da shi, don haka sunan mudun ya fi na kowane manomi yawo a baki. Babban ganowa kuwa, da zarar ya shiga littattafan aji, sai a daina ambatarsa, domin ya zama abin da kowa ya sani. Ba wanda zai rubuta cewa DNA zare biyu ne a murɗe sannan ya ga buƙatar kafa hujja. Ba raina aikin Lowry nake yi ba, hanyarsa ta yi wa duniya amfani ƙwarai. Abin da nake so ki riƙe shi ne ambato yana ƙirga yawan waɗanda suka yi amfani da aiki har suka rubuta sunansa. Zurfin aikin da gaskiyarsa wasu abubuwa ne daban.

Haka maƙalun bita, waɗanda suke tattara abin da wasu suka gano ba tare da sabon gwaji ba, sukan fi maƙalun bincike samun ambato, saboda marubuci ya fi samun sauƙin ambaton bita ɗaya a kan ya jera ayyuka ashirin. Sannan fanni ya bambanta da fanni. Mai aiki a kan ciwon daji yana da dubban abokan sana'a da za su ambace shi. Mai nazarin yadda dawa take jure wa ƙuduji, ko ƙwayar cutar da ke kawo sammore a shanu, mutanen da ke fagensa ba su da yawa, ko da kuwa aikinsa ya fi na wancan tsafta. Idan malamanki biyu ba a fage ɗaya suke ba, to ajiye 62 kusa da 19 ba kwatanci ba ne tun daga tushe.

Labarin Katalin Karikó

Misalin da ya fi dacewa da tambayarki shi ne na Katalin Karikó, 'yar ƙasar Hungari, wadda ta yi karatunta a Jami'ar Szeged, ta koma Amurka a 1985, ta fara aiki a Jami'ar Pennsylvania a 1989. Burinta ɗaya ne: a haɗa mRNA, wato saƙon da ke gaya wa tantanin jiki furotin ɗin da zai ƙera, a ɗakin gwaje-gwaje, a sa shi a jikin mutum, jikin ya karanta saƙon ya ƙera furotin ɗin da ake buƙata a matsayin magani. Ta nemi tallafin bincike sau da dama ba ta samu ba, kuma a 1995 aka sauke ta daga layin da ke kaiwa ga kujerar farfesa.

Matsalar da ta tsaya mata ita ce garkuwar jiki tana ɗaukar mRNA ɗin da aka haɗa a kwalba a matsayin baƙo, ta tayar da kumburi. Ita da Drew Weissman, masanin garkuwar jiki da suka fara aiki tare a ƙarshen shekarun 1990, suka lura da wani abu a cikin samfuran da suka sa don kwatanci kawai: tRNA, wani ɗan'uwan mRNA wanda a halittarsa yake cike da haruffa (tubalan da ake jerawa su zama RNA) da aka yi wa ƙananan sauye-sauye, ba ya tayar da garkuwar kamar sauran. Suka bi wannan zare. Suka nuna cewa idan aka musanya harafin uridin da wani ɗan'uwansa da aka sauya, irin su sudo-uridin, masu gadin tantanin jiki da ake kira TLR ba sa yin ƙararrawa. Sun aika aikin ga mujallun Nature da Science, duka suka mayar musu. Mujallar Immunity ce ta wallafa shi a 2005. Weissman ya sha ba da labarin cewa sun zaci wayoyinsu ba za su huta ba, amma shiru aka yi. A 2008 suka ƙara nuna cewa mRNA mai sudo-uridin yana samar da furotin da yawa, a 2011 kuma suka nuna yadda tace shi yake kawar da ragowar abin da ke tsokanar garkuwa. A 2013 Karikó ta koma kamfanin BioNTech a Jamus. Allurar rigakafin korona ta Pfizer da BioNTech da ta Moderna duka a kan wannan dabara ta sauya harafi aka gina su, kuma a 2023 ita da Weissman suka karɓi kyautar Nobel ta fannin likitanci.

Ki ɗauka ke ɗaliba ce a 2007, kina duba sunanta a intanet. Za ki ga matar da ta haura hamsin, ba ta da kujerar farfesa, ba ta da babban tallafi, fitacciyar maƙalarta ba ta cikin manyan mujallu biyu da kowa yake kallo. Kowace lamba za ta ce miki ki wuce. Amma da za ki zauna ki karanta maƙalun nata a jere, za ki ga abin da lamba ba ta iya nunawa: tambaya ɗaya ce take bi, kowane aiki yana amsa abin da na baya ya bari, kuma gwaje-gwajen kwatancinta ba na cika sharaɗi ba ne, a cikinsu ma ta tsinci amsar.

Ba ita kaɗai ba ce. Francisco Mojica na Jami'ar Alicante a Sifaniya ya gano a 2003 cewa wani jerin DNA mai maimaita kansa a cikin bakteriya, da ake kira CRISPR, yana ɗauke da guntayen DNA na ƙwayoyin bairos, wato wata irin garkuwa ce. Mujallu da dama, har da Nature, suka ƙi aikin, sai a 2005 ya fito a Journal of Molecular Evolution. Makin tasirin mujalla kuwa yana ƙirga ambaton shekara biyu ne kacal, don haka irin waɗannan ayyuka da ke jiran shekara goma kafin a waiwaye su ba sa shiga lissafinsa.

Sai dai kada ki ɗauki wannan ya zama hujjar cewa duk mai ƙananan lambobi Karikó ce da ba a gano ba tukuna. Yawancin maƙalun da ba a ambata ba, ba a ambace su ba ne saboda babu abin ɗauka a cikinsu. Abin da labarin yake nunawa iyakarsa shi ne lamba tana zuwa a makare, kuma takan fi makara a kan aikin da ya saɓa wa abin da aka saba.

Yadda nake karanta tarihin wallafar mutum

Idan aka kawo min takardun mai neman aiki ko ƙarin girma, ko wani ɗalibina ya zo da tambaya irin taki, abin da nake fara dubawa shi ne inda sunan mutumin ya faɗo a jerin marubuta. A fanninmu jerin yana da ma'ana. Na farko shi ne wanda ya yi aikin da hannunsa, ya kwana a ɗakin gwaji. Na ƙarshe shi ne shugaban ɗakin, mai tambayar da kuɗin. Na tsakiya sun taimaka, wani da gwaji guda, wani da samfuri, wani da aron na'ura. Malaminki na farko yana fitar da kusan maƙala ɗaya duk wata, shekara 28 a jere. Ingantaccen aikin ɗakin gwaji yakan ci shekara biyu zuwa huɗu kafin ya zama maƙala. Don haka ko dai ɗakinsa babba ne ƙwarai mai mutane da yawa, ko sunansa yana tsakiya a mafi yawansu, ko bita ta yi yawa a ciki. Babu laifi a ko ɗaya, amma kowanne yana da ma'ana gare ki. Babban ɗaki yana nufin kayan aiki da kuɗi da suna, yana kuma iya nufin za ki yi wata guda ba ki zauna da shi ba, wani mai bincike na ƙasa da shi ne zai zama malaminki na haƙiƙa.

To ki buɗe PubMed ko Scopus, rumbunan maƙalun kimiyya a intanet, ki tsaya a shekara biyar na baya-bayan nan, ki cire bita, ki bar maƙalun da sunan malamin ya zo a ƙarshe. Abin da ya rage shi ne ainihin ɗakin da za ki shiga. Na sha ganin dogon jeri ya koma 'yan ƙalilan bayan wannan tankaɗe, na kuma ga gajeren jeri da kusan bai ragu ba.

Daga nan ki zaɓi uku daga kowane malami ki karanta, ba taƙaitawar sama kaɗai ba. Ki tafi sashen hanyoyin gwaji: an yi bayanin da wani zai iya maimaitawa? An ajiye jerin DNA a rumbun GenBank da lambarsa? An faɗi sau nawa aka maimaita gwajin, da sabon samfuri ko da wanda aka riga aka yi amfani da shi? Ki dubi hotunan jel da kyau. Wannan ba zargi ba ne. A 2016 Elisabeth Bik da abokan aikinta sun duba maƙalu 20,621 daga mujallu 40, suka tarar kashi 3.8 cikin ɗari suna ɗauke da hotunan da aka maimaita ta hanyar da ba ta dace ba. Ki sa sunan kowane malami a shafin PubPeer, inda masu bincike suke nuna irin waɗannan matsaloli, da kuma rumbun Retraction Watch na maƙalun da aka janye. Janye maƙala ɗaya saboda kuskuren da marubucin ya gano da kansa alama ce ta amana. Janye da yawa saboda hotuna magana ce daban, kuma ɗalibai ne suka fi shan wahalarta. Ki sani kuma maƙalar da aka janye ba ta daina tara ambato: aikin da ya danganta allurar ƙyanda da galahanga (autism) a 1998, wanda mujallar Lancet ta janye a 2010, har yanzu ana ambatarsa.

Sannan ki danna kan ambaton ki ga su wane ne. Mutum ya ambaci aikinsa na baya abu ne na dole idan tambaya ɗaya yake bi. Amma idan mafi yawan ambaton daga shi ne da wasu abokai ƙalilan da suke juya sunayen juna, to lambar ta kumbura ne kawai. Abin da nake nema shi ne wani ɗakin gwaji a wata ƙasa, wanda ba ruwansa da marubucin, ya ɗauki sakamakon ya gwada ya ga ya tsaya, ya ɗora nasa a kai. Irin wannan guda biyar ya fi min ɗari na ambaton wucewa a gabatarwa.

Game da Google Scholar da kika duba, yana kwasar duk abin da ya yi kama da maƙala a intanet, har da kundayen ɗalibai da takardun taro, shi ya sa lambobinsa suke fin na Scopus da Web of Science. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri marubucin bogi mai suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuta masa maƙalu kusan 100 marasa ma'ana masu ambaton juna, sai ga shi da ma'aunin h 94. Idan kina son lambar da ta yi la'akari da bambancin fage, shafin iCite na hukumar NIH ta Amurka kyauta ne, yana kwatanta kowace maƙala da takwarorinta na fage ɗaya.

Sunan mujalla ma kada ya ruɗe ki. Nature da kanta ta bayyana a 2005 cewa kashi 89 cikin ɗari na ambaton da ya samar da makinta ya fito ne daga kashi 25 cikin ɗari na maƙalunta. Makin matsakaici ne da 'yan ƙalilan suka ja sama. Masana ilimin tantanin halitta ne da kansu suka tsara sanarwar DORA a San Faransisko a 2012, suna kira da a daina auna mai bincike da makin mujallar da ya wallafa a ciki. Abin da za ki tabbatar dai shi ne mujallun na gaske ne masu tantance aiki, ba irin waɗanda ke karɓar kuɗi su wallafa komai cikin mako guda ba.

Abin da zan yi da ni ne

Ban ga takardun malaman nan biyu ba, don haka ba zan yanke miki hukunci a kan mutanen da ke nesa da ni ba. Kuma akwai abubuwan da tarihin wallafa ba ya nunawa ko kaɗan: halin mutum, haƙurinsa idan gwaji ya ƙi tafiya wata shida, ko tallafinsa zai kai ƙarshen karatunki. Wannan na ƙarshe ki tambaya kai tsaye a rubuce, domin a nan ne ƙaramin ɗaki ya fi rauni, kuma ɗalibar da ta baro ƙasarta ita ce ta fi shiga tsaka mai wuya idan kuɗi ya yanke a shekara ta uku. Sunan babban malami kuma yana buɗe ƙofofi bayan an gama, wannan gaskiya ce da ba zan ɓoye miki ba.

Duk da haka, a kan abin da kika faɗa, ban ga dalilin da zai sa ki bar wadda aikinta ya kwanta miki ba. Maƙalu 19 cikin 34 da aka ambata aƙalla sau 19, a shekara 11, tarihi ne mai kyau. Malamar da ke wannan mataki tana buƙatar aikinki ya yi nasara kamar yadda ke ma kike buƙata, kuma yawanci har yanzu tana taɓa kayan gwaji da hannunta.

Kafin ki amsa wa kowa, ki ɗauki sunayen marubuta na farko a maƙalun da suka rage bayan tankaɗen nan. Waɗannan su ne ɗaliban da suka riga ki. Ki duba ko kowanne ya fita da maƙalar da sunansa ke farko, ko kuwa mutum ɗaya ne ke kwashe su. Ki nemo inda suke yanzu. Ki rubuta wa biyu ko uku daga kowane ɗaki, musamman waɗanda suka riga suka bar wurin, don sun fi sakin baki. Ki tambaye su shekara nawa suka yi kafin su kammala, sau nawa suke zama da malamin a wata, wa yake yanke jerin sunayen marubuta kuma yaushe, da abin da ya faru a ranar da sakamakonsu ya saɓa wa abin da malamin yake fata.